Kuɗin Ruwa Iri Biyu: Bangaskiya da Bashin Manomin Kadawa



A yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, idan manomi ya ce kuɗin ruwa sun dame shi, sai ka tambaye shi wanne yake nufi. Akwai wanda ake biyan hukuma saboda ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga ya shiga gona. Akwai kuma wanda ke hawa kan bashi, wanda bai san rani ba bai san damina ba, ba ya hutun Juma'a balle na Lahadi. Na farkon shi ke rayar da shuka, na biyun kuwa tun tana tsaye yake cinye ta. A kan na biyun za mu yi magana yau, kuma daga ɓangaren da ba kasafai ake jin muryarsa a rubutun Hausa ba, wato mu Hausawa Kiristoci da ake kira Masihiyawa.

Yawancinmu jikokin Maguzawa ne da ke zaune a ƙauyukan kudancin Kano tun kaka da kakanni. Da Hausa muke sujada, da Hausa muke waƙa, Littafi Mai Tsarki ma tun 1932 ya fito da Hausa cikakke. Gonarmu na manne da ta maƙwabcinmu Musulmi, kanal ɗaya ke shayar da mu, wajen mai shagon taki ɗaya muke zuwa roƙon lamuni. Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma hanjin ba ya tambayar inda mutum ke ibada.

Tambayar da ake yawan yi a majami'unmu ita ce: shin bangaskiya tana fitar da mutum daga bashi? Amsarmu e, tana fitarwa. Amma hanyar da take bi ba ita ce ake tallatawa a fosta da bidiyon wayoyi ba. Bangaskiya tana sa mai bashi ya daina ɓuya, tana sa maƙwabta su miƙo hannu, tana kuma sa mai bin bashi ya ji tsoron Allah. Duk wa'azin da ya tsallake waɗannan ukun ya yi wa manomi alkawarin za a wayi gari bashinsa ya ɓace, to ƙarin bashi yake ɗora masa.

YADDA BASHIN KE HAIHUWA

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwanta ke bi ta Ruwan Kanya ya shiga manyan kanal, daga nan ya rarrabu cikin dubban kadada na Kadawa da kewaye a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Wannan ruwa ya sauya rayuwar yankin. Mutanen da a da suke tafiya cin rani suka zauna gida suna noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara. Sai dai noman rani noma ne na kuɗi. Kafin ka ga ƙwayar shinkafa ɗaya ka biya hayar gona in ba taka ba ce, ka biya haro, ka sayi iri, ka biya masu dashe, ka zuba taki sau biyu ko uku, ka yi feshi, ka sayi man injin ban ruwa idan gonarka na can ƙarshen kanal inda ruwa ba ya isa. Duk waɗannan a farko ake biyansu, amfanin kuwa sai bayan wata huɗu. Wannan tazara ita ce mahaifar bashi.

Wanda ba shi da jari yana da ƙofofi kaɗan. Ko ya karɓi taki a shago a kan farashin da ya ɗara na kasuwa, ko ya ci falle, wato ya karɓi kuɗi a hannun ɗan kasuwa da sharaɗin zai biya da buhunan shanshera ranar girbi a kan farashin da aka yanke tun shuka ba ta fito ba, ko kuma ya jinginar da gona. Bari mu yi lissafi na misali. A ce ka karɓi naira 200,000 za ka mayar da 260,000 bayan wata huɗu. A kunne ƙarin dubu sittin ba wani abu ba ne. Amma kashi 30 cikin 100 ke nan a wata huɗu, wanda in ka miƙe shi zuwa shekara ya zama kashi 90. Babu shinkafar da ke haihuwa da wannan saurin.

Sannan ga abubuwan da ba hannun manomi a ciki. A 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote ta fara aiki a Kadawa, tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, har masana'antar ta rasa abin sarrafawa. A shekarar da tumatir ya yi kyau kuma, je ka Kwanar Gafan a tsakiyar kaka ka ga yadda kwando ke faɗuwa ƙasa warwas, domin tumatir ba ya jiran ciniki. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin ban ruwa da na mota suka ninka. A watan Yuli 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafa da alkama da masara. Mai saye a birni ya samu sauƙi, amma a 2025 manomin da ya sayi taki da tsada ya tarar farashin shanshera ya karye a hannunsa.

Mun jero waɗannan ne don kada wani ya ɗauka duk mai bashi malalaci ne ko almubazzari. Akwai mutumin da ya yi komai daidai, ya yi sammako, ya yi addu'a, ya bi shawarar malamin gona, amma kaka ta zo ta same shi da bashi. Duk koyarwar da ba ta da abin faɗa wa wannan mutumin ban da cewa bangaskiyarsa ce ta yi rauni, koyarwa ce marar tausayi.

WA'AZIN SHUKA IRI

Akwai wata koyarwa da ta taso daga Amurka, ta yi ƙarfi a manyan majami'un biranen kudu, yanzu kuma waya ta kawo ta har cikin ƙauyukanmu. Ana ce mata bisharar wadata. Taƙaitaccen bayaninta shi ne: ka ba mai wa'azi kuɗi a matsayin iri, Allah zai mayar maka ninki ba ninki, bashinka kuma zai goge ta hanyar mu'ujiza. Har taro ake shiryawa na musamman, a ce kowa ya rubuto adadin bashinsa a takarda a yi addu'a a kai.

Abin baƙin ciki shi ne da harshen manomi ake kama manomi. An ce masa iri, an ce masa girbi, sai ya ji maganar ta yi kama da abin da ya sani. Amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ba a shuka iri a aljihun wani. Ya san iri yana son ƙasa da ruwa da taki da noman ciyawa da haƙurin wata huɗu. Wanda ya ɗebi kuɗin takin zagaye na biyu ya kai wajen taro, shinkafarsa za ta yi ja ko da kuwa ya kwana yana azumi.

Wannan tunani ɗan uwan wanda ya jefa mutane cikin MMM ne, har ta rufe da kuɗinsu a Disamba 2016, da CBEX da ta kife a Afrilu 2025. Duka ukun abu ɗaya suke sayarwa: kawo kaɗan ka kwashi da yawa ba tare da gumi ba. Bambancin kawai shi ne wanda MMM ta cinye zai iya fitowa ya ce an cuce shi, wanda wa'azi ya cinye kuwa sai a ce masa shakka ya yi a zuciya. Ya rasa kuɗinsa, ya kuma dawo gida yana zargin kansa.

Ba muna cewa a daina baiko ba ne. Ikilisiyoyinmu na ƙauye da baiko suke tsaye, kuma bayarwa ibada ce. Amma Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta biyu ga Korantiyawa, ya nuna cewa ana karɓar kyautar mutum ne gwargwadon abin da yake da shi. A Bisharar Matiyu sura ta 5 kuma, Yesu Almasihu ya koyar da cewa wanda ya kawo baikonsa sannan ya tuna ɗan'uwansa na da ƙorafi a kansa, ya fara komawa su shirya tukuna. Wane ƙorafi ya fi na mutumin da ka karɓi takinsa bara kana kauce masa a hanya? Kuɗin da ke hannun mai bashi bayan ya ciyar da iyalinsa, akwai mai shi.

MATAR DA AKA ZO ƊAUKAR 'YA'YANTA

Labarin da masu wa'azin soke bashi suka fi so yana cikin littafin Sarakuna na Biyu, sura ta 4. Mu ma shi muka fi so, amma muna roƙon a karanta shi a hankali, irin karatun da marubuci ke yi wa labari.

Wata mata ce mijinta ya rasu ya bar bashi, mai bin bashin kuma na shirin zuwa ya ɗauki 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Ta je wajen annabi Elisha ta kai kuka. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai ne kawai a tulu. Ya sa ta bi maƙwabta ta aro tuluna da yawa waɗanda ba komai ciki, ta rufe ƙofa ita da 'ya'yanta ta yi ta zubawa. Mai ya yi ta zuba har tulunan suka ƙare. Sai ya umarce ta ta je ta sayar, ta biya bashin, su rayu da abin da ya rage.

Mu'ujiza tana cikin labarin, ba mu musa ba. Amma dubi abin da ke kewaye da ita. Mijin da ya mutu da bashi mai tsoron Allah ne, daga cikin almajiran annabawa. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa bashi alamar raunin bangaskiya ne. Matar ba ta ɓoye halin da take ciki ba, ta buɗe baki ta faɗa. Annabin bai nemi ta kawo masa komai ba, ko ɗigon man bai karɓa ba. Abin da ya fara sa ta yi shi ne ƙidaya abin da ke gida. Daga nan sai maƙwabta: da a ce matar ba ta zaman lafiya da mutanen unguwa, da ba ta samu tulu ko ɗaya ba, kuma yawan man ya tsaya ne daidai yawan tulunan da aka ara mata. Daga nan sai kasuwa. A ƙarshe kuma bashin bai goge ba, biyansa aka yi, kuma shi aka fara biya kafin a ci.

Idan muka sauko da wannan labari gonakin Bunkure, ga abin da yake cewa. Ka zauna da matarka ka faɗa mata gaskiyar adadin da ake bin ka, domin sau da yawa ita ce ta ƙarshen sani, alhali akuyarta da kajinta ne za a fara sayarwa. Ku rubuta kowane bashi a littafi: na wane ne, nawa ne, yaushe ne wa'adi, nawa ne ruwansa. Ku fara kashe wanda ruwansa ya fi gudu. Ka je wajen mai bin ka da ƙafarka kafin ya aiko, ka ce ga abin da ya samu, ga abin da zan iya a wannan kaka, ga saura a ta gaba. Ka rage faɗin gonar da za ka noma bana zuwa abin da jarinka zai ɗauka, don rabin eka da ya ƙoshi da taki ya fi eka biyu masu yunwa. Ka bar Kirsimetin bana ta wuce da kayan bara. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke da daɗi, kuma kowannensu yana buƙatar ƙarfin zuciyar da ke zuwa daga yarda cewa mutuncinka a wajen Allah bai rataya a kan abin da ke aljihunka ba. Nan ne aikin bangaskiya yake. Kunya ce ke sa mutum ya ci sabon bashi don ya rufe tsoho, bangaskiya kuwa ita ke kashe wannan kunyar.

A nan dole mu faɗa wa kanmu wata gaskiya mai ɗaci, mu duka, Kirista da Musulmi. A Nuwamba 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a Kebbi, kuma kafin Babban Banki ya dakatar da irin waɗannan shirye-shirye a ƙarshen 2023 an raba sama da naira tiriliyan ɗaya. Kaso mai yawa bai dawo ba. Wasu ambaliya ce ta ci gonarsu, wasu kayan ne ba su iso kan lokaci ba, waɗannan suna da uzuri. Amma akwai waɗanda suka girbe lafiya suka ce ai kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne. Zabura ta 37 ta sa wanda ke cin bashi ya ƙi biya a sahun mugaye, ba ta kuma ware bashin gwamnati ba. Ga sakamakon nan muna gani: ƙofar da ake samun rance mai sauƙin ruwa ta rufe, ƙannenmu sun koma hannun masu falle.

WA'AZIN DA BA A YI WA MAI BIN BASHI

Yawancin wa'azin bashi mai bashi ake yi wa, domin shi ba ya iya ɗaga kai. Amma wanda ya bi Littafi Mai Tsarki zai ga ya fi yawan magana da mai bayarwa.

Shari'ar Musa ta hana karɓar ruwa a hannun ɗan'uwa matalauci. Ta hana karɓar dutsen niƙa a matsayin jingina, saboda da shi gidan ke ci. A yau dutsen niƙan manomin rani shi ne injinsa na ban ruwa, wanda ya ƙwace shi ya yanke wa mutum hanyar biyan bashin da kansa. Maimaitawar Shari'a sura ta 15 ta yi umarnin yafe basussuka duk bayan shekara bakwai. Littafin Firistoci sura ta 25 kuma ya ce a shekara ta hamsin kowace gona ta koma hannun gidan da ya mallake ta tun asali, don kada wata zuriya ta dawwama tana ƙwadago a gonar kakanninta.

Amma surar da ta fi kama da Kadawa ita ce Nehemiya 5. Ana cikin aikin sake gina ganuwar Urushalima sai talakawa da matansu suka ta da murya. Wasu sun jinginar da gonaki da gidaje don su samu hatsi lokacin yunwa, wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki, wasu har 'ya'yansu sun shiga bauta. Masu bin su bashin kuwa 'yan'uwansu ne da suke ibada tare. Nehemiya, wanda shi ne gwamna, bai kira taron addu'ar soke bashi ba. Ya tara jama'a, ya tsawata wa manya a bainar kowa, ya bayyana cewa shi ma da mutanensa suna ba da rance, ya nemi a mayar wa mutane gonakinsu a daina karɓar ruwa, ya kuma sa suka rantse a gaban firistoci.

A majami'unmu, mai falle da wanda ya ci fallen benci ɗaya suke zama ranar Lahadi, wani lokaci ma mai fallen dattijon ikilisiya ne. Tare suke yin addu'ar da Yesu ya koyar, wadda a Bisharar Matiyu kalmar da aka yi amfani da ita wajen roƙon gafara a asalin Girkanci kalmar bashi ce. A sura ta 18 kuma akwai misalin bawan da sarki ya yafe masa bashin da ba zai iya biya ba har abada, ya fita ya shaƙe wuyan abokin aikinsa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Faston da zai iya karanta wannan sura yana kallon attajirin da ya yi wa majami'a rufin kwano, shi ne ya yi wa'azin bashi na gaskiya. Ba muna cewa ɗan kasuwa ya yafe komai ya karye ba, shi ma jari yake juyawa. Amma a shekarar tsutsa ko ambaliya zai iya yafe ruwan, zai iya ƙara wa'adi, zai iya karɓar buhu a farashin ranar girbi maimakon na ranar yunwa.

Wannan koyarwa ta taɓa girgiza duniya. Gangamin Jubilee 2000, wanda ikilisiyoyi suka ja gaba daga Ingila, daga waccan shekara ta hamsin ya samo sunansa, ya kuma matsa wa ƙasashe masu arziki lamba kan bashin ƙasashe matalauta. A 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, ƙungiyar Paris Club ta yafe wa Nijeriya dala biliyan 18, Nijeriya kuma ta biya kusan biliyan 12. Ko a wannan matakin, yafiya da biya tare suka tafi.

TULUNAN MAƘWABTA

Saura aikin jama'a. A ƙarni na 19 wani magajin gari a Jamus mai suna Friedrich Raiffeisen, Kirista mai riƙo da addini, ya ga yadda masu ba da bashi da ruwa ke cinye gonakin ƙauyawa. Ya fara da ƙungiyar agaji inda masu hali ke taimakon marasa hali, sai ya lura sadaka tana gajiya. A 1864 ya kafa ƙungiyar rance wadda manoman da kansu ne mambobinta, su ke tarawa, su ke rantawa juna, su ke sa ido. Daga nan bankunan haɗin gwiwa na manoma suka bazu a Turai.

Ba sai mun je Jamus ba ma. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan karkara a kan wani tsari da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Adashi ne aka gyara: mata su taru duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a akwati mai makullai da ke hannun mutane daban-daban, mai buƙata ta ranta a gaban kowa, a ware ɗan asusun jaje, a ƙarshen zagaye a raba. Wannan tsari da aka haifa a ƙasar Hausa yau ana amfani da shi a ƙasashe da dama na duniya.

Muna da Zumuntar Mata a kusan kowace majami'a, ƙungiyar da ta fi kowace tsari da riƙon amana a cikinmu. Muna da godiyar kaka, inda ake tara buhunan hatsi a gaban bagade. Me zai hana a ware wani kaso na wannan hatsi ya zama rumbun rance marar ruwa, wanda ya ara a lokacin dashe ya mayar a kaka? Me zai hana manoma goma su haɗa kuɗi su sayi taki a sari tun kafin ya hau? Sharaɗin kawai shi ne a rubuta komai, a karanta lissafi a gaban kowa, kada akwatin ya kwana a ɗakin mutum ɗaya ko da fasto ne. A nan 'yan'uwanmu Musulmi suna da abin tuna mana: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Tunda kanal ɗaya muke sha, babu abin da zai hana akwatin ya zama na unguwa gaba ɗaya.

Wani zai ce to ina addu'a a duk wannan, ba ka mayar da addini lissafin boko ba? Addu'a tana nan daram. Mai bashi ba ya barci, yana jin sallama gabansa ya faɗi, wasu har tunanin barin gari suke yi su bar mata da yara. Addu'a ce ke ba shi natsuwar da zai iya ɗaukar biro. Muna kuma gaskata Allah yana buɗe ƙofa ta inda ba a zata ba. Abin da muka ƙi shi ne a mayar da Allah abokin ciniki da ake ba shi dubu a jira miliyan. Wani kuma zai ce ai matsalar ta farashi ce da manufofin gwamnati, adashi ba zai gyara ta ba. Gaskiya ne, shi ya sa Nehemiya ya fuskanci manya. Manomin da ke cikin ƙungiya, wanda ba a riƙe da wuyansa, shi ke iya ƙin sayar da shanshera ranar girbi, shi ke da bakin magana a taron masu amfani da ruwa.

GARE MU MARUBUTA

Mun kawo wannan batu zauren nan ne saboda labaranmu ma suna da irin wannan cuta. Sau nawa muka karanta littafin da jaruma ke cikin ƙangin talauci har babi na ashirin, sai ga wani Alhaji a jibgegiyar mota ya biya komai a shafi ɗaya? Wannan ma bisharar wadata ce, hula kawai aka sauya mata. Muna koya wa mai karatu jiran mai ceto, alhali abin da ke gabansa littafin mai shago ne.

Bashi kuwa jigo ne da ya ƙunshi duk abin da labari ke so. Akwai wa'adi da ke matsowa, akwai sirri tsakanin miji da mata, akwai abokai biyu da gaisuwarsu ta fara sanyi, akwai yarinyar da za a cire daga makaranta ko a aurar. Wanda zai rubuta shi ya je Kura ya zauna da masu sayen shanshera, ya je Kwanar Gafan ya ga fuskar manomi lokacin da dillali ke yanke farashi, ya san buhun taki nawa eka ke ci. Ya ba mai bin bashin ma zuciya da dalili, domin shi ma wani ke bin sa. Idan kuma zai sa Bahaushe Kirista a labarin, ya daina ba shi gurɓatacciyar Hausa kamar jiya ya sauka daga mota. Sunansa na iya zama Bitrus ko Ɗanjuma, matarsa Saratu ko Ladi, karin maganarsa irin ta kowa ce, kuma daren da wa'adi ya cika shi ma juyi yake yi a kan tabarma kamar maƙwabcinsa Malam Sani.

Muna fata cikinmu wani zai ɗauki wannan aiki, ya rubuta mana labarin gidan da ya fita daga bashi a kaka uku, buhu bayan buhu, da taimakon maƙwabta da sassaucin mai shago, ba tare da mota ta tsaya a ƙofar gida ba. Masu karatu da yawa a Kura da Bunkure za su ga kansu a ciki, wani ma ya samu ƙarfin halin zuwa wajen mai bin sa gobe da safe.

Allah ya yaye wa duk mai bashi, ya sanya albarka a noman bana. Muna sauraron gyara da ƙarin bayani daga malamanmu na wannan zaure. Sai mako na gaba.